Ɗana Ya Tafi Horon Sojan Ruwa, Barci Ya Ƙaurace Mini: Amsa Ga Wata Uwa

Wata uwa daga Funtuwa ta aiko da tambaya cewa ɗanta na fari ya samu shiga sojan ruwa, an kira su makarantar horar da kurata da ke Onne, kuma tun ranar da ya bugo ya ce ya sauka lafiya ba ta sake jin muryarsa ba, yau mako biyar ke nan. Ta ce ita ba ta taɓa ganin teku ba, shi ma yaron ko a kududdufi bai iya iyo ba, kuma duk lokacin da ta yi wa mahaifinsa maganar sai ya ce ta yi haƙuri, aikin soja ya gaji haka. Wata maƙwabciyarta ta sa ta a wani zauren WhatsApp na iyaye mata masu 'ya'ya a sojan ruwa, amma tun da ta shiga sai fargabarta ta ƙaru. Tana so ta san ko wannan shiru na lafiya ne, ko ya kamata ta fice daga zauren, da kuma abin da uwa za ta yi wa kanta a irin wannan hali.

Hajiya, Allah ya ƙara haƙuri, ya tsare shi da sauran abokan horonsa. Na yi aikin sojan ruwa har na ajiye kaki, kuma na daɗe a ɓangaren da ke kula da takardu da walwalar ƙananan ma'aikata, saboda haka wannan tambaya taki ba baƙuwa ba ce a wurina. Shirun mako biyar a farkon horo abu ne da aka saba da shi, ba ya nuna cewa wani abu ya same shi. Game da zauren kuwa, shawarata ita ce kada ki fita, amma ku gyara masa zama, domin zauren iyaye mata da ba shi da ƙa'ida ya fi shirun kansa tayar da hankali.

Onne tana cikin ƙaramar hukumar Eleme a jihar Ribas, kusa da Fatakwal, kuma a nan Rundunar Sojojin Ruwa ta Najeriya take da makarantar horon farko ta kurata. Horon yakan ɗauki kimanin wata shida, kuma makonnin farko su ne mafi tsanani, domin a cikinsu ake raba yaro da ɗabi'un gida. Ana tayar da su tun kafin asuba, a yi gudu, a yi fareti, a shiga aji, a share harabar makaranta, a wanke kaki a goge takalmi, sannan wasu su kwana gadi. Ana taƙaita amfani da waya ƙwarai, sau da yawa ma karɓe ta ake yi, kuma da gangan ake yin hakan, saboda kurtun da yake jin muryar mahaifiyarsa kullum dare yakan daɗe bai saba da wurin ba. Ƙara da cewa yaron da ya tashi a busasshiyar iskar Katsina ya faɗa ƙasar da ruwan sama yake kwana yana zuba, ga sauro, ga gumi, ga abincin da bai saba da shi ba. Idan irin wannan yaro ya samu rabin awa tasa ta kansa, barci zai yi, kuma babu laifi a kansa.

Abin da nake so ki riƙe da kyau shi ne mummunan labari a aikin soja yana da hanyar da yake bi. Kafin a ɗauki ɗanki sai da aka cika takardar amincewar iyaye da ta masu tsaya masa, aka karɓi shaidar ƙaramar hukumarsa, shi ma ya rubuta sunan makusancin da za a nema idan wani abu ya faru, tare da adireshi da lambar waya. Idan kurtu ya yi rashin lafiya mai tsanani, ko aka sallame shi, ko Allah ya yi masa rasuwa, hukuma ce take neman wannan mutum da kanta. Saboda haka muddin ba a nemi mahaifinsa ko wanda aka rubuta ba, abin da ya fi kusa da gaskiya shi ne yaron yana can yana fama da fareti.

A wannan gaɓa ce 'yan damfara suke samun shiga, kuma sun san lokacin da za su buga. Wani zai kira da baƙuwar lamba, ya yi magana da kakkausar murya kamar babban hafsa, ya ambaci cikakken sunan yaron, ya ce ya faɗi a filin horo ana bukatar kuɗin magani yanzun nan, ko ya ɓatar da wani kayan gwamnati za a kore shi idan ba a biya ba, ko kuma akwai gurbi a tura shi Legas maimakon Barno idan an kawo wani abu. Sunan yaron da ya ambata ba hujja ba ce, domin jerin sunayen waɗanda aka ɗauka a fili ake buga shi, kowa yana iya gani. Rundunar ta sha bayyana cewa ɗaukar aikinta kyauta ne, tana da asibitocinta, kuma ba ta karɓar kuɗi ta asusun bankin wani mutum. Duk wanda ya kira da irin wannan magana, a ce masa a ba yaron waya a ji muryarsa, kada a tura ko sisi, sannan a sanar da sauran iyaye lambar. Wannan ma kaɗai ya isa dalilin zama a zaure ɗaya da sauran iyaye mata, domin ɗan damfara lamba ɗaya yake bi gida gida da ita.

Batun ruwa kuwa, tsoronki yana da tushe, amma ba a inda kika ajiye shi ba. Rashin iya iyo ba ya hana shiga sojan ruwa, domin koyarwa ake yi, a wuri mai iyaka, a gaban malamai, kuma duk wanda zai hau ƙaramin jirgi bakin aiki sai ya sa rigar da ke hana nutsewa. 'Yan Arewa da yawa sun shiga wannan aiki ba su taɓa ganin ruwan da ya wuce na dam ba, har wasu suka kai ƙololuwarsa. Murtala Nyako, mutumin Adamawa, ya shugabanci rundunar daga 1990 zuwa 1992, haka nan Awwal Zubairu Gambo, mutumin Kano, ya riƙe ta daga 2021 zuwa 2023. Abin da yake wahalar da sabon ma'aikaci a teku shi ne jiri da amai na kwanakin farko idan igiyar ruwa ta fara kaɗa jirgi, da kuma tsayuwar aiki ta awa huɗu huɗu dare da rana, kuma yawanci jiki yakan saba.

Haɗarin gaske yana wasu wurare, kuma ba zan ɓoye miki ba, domin uwar da aka yi wa daɗin baki ita ce take rikicewa ranar da ta ji labari a rediyo. Akwai lungunan ruwan Neja Delta inda ake artabu da ɓarayin ɗanyen mai da 'yan fashin teku, akwai kuma sansanin rundunar da ke Baga a bakin Tafkin Chadi, inda ake yaƙi da 'yan ta'adda. Amma ba kowane sojan ruwa ne yake zuwa waɗannan wurare ba, ba kuma kowa ne yake zama a jirgi ba. Bayan an yaye su ana rarraba su bisa sana'a, kuma rundunar tana da makarantar injiniyoyi a Safele, ta kiwon lafiya a Offa, ta harkar makamai a Kachiya cikin jihar Kaduna, da wata kwaleji a Dawakin Tofa cikin jihar Kano. Manyan rundunoninta na aiki suna Legas, Kalaba da Yenagoa, tana da sansani a Lokoja, hedikwata kuma tana Abuja. Akwai sojan ruwan da zai shekara bai taka jirgi ba. Wanda kuma aka tura jirgi, ki sani tun yanzu cewa da zarar sun yi nisa da gaɓa sabis ɗin waya yana yankewa gaba ɗaya, kuma ruwan da Najeriya take da haƙƙi a kansa ya miƙa har kusan kilomita 370 cikin teku. Shirun da kike fama da shi yanzu zai riƙa dawowa lokaci lokaci muddin yana wannan aiki, don haka gara ki koyi zama da shi tun daga wannan karo.

Akwai wani abu a tambayarki da ya fi tsaya mini a rai, wato cewa ɗan fari ne. Mu Hausawa mun san kunyar ɗan fari. Uwa ba ta kiran sunansa, ba ta nuna ɗokinsa a gaban mutane, idan ya dawo daga tafiya sai ta kawar da kai ta bar wa kakarsa ko goggonsa murnar. Wannan alkunya tana da kyawunta, amma idan yaron ya tafi wurin da ba a jin ɗuriyarsa sai ta zame wa uwa kurkuku, domin a gidan ba ta da wanda za ta ce wa tana kewarsa ba tare da an ɗauke ta marar kawaici ba. Sai ta koma ta kwana da waya a ƙarƙashin matashi, ta tashi tsakar dare ta duba ko caji ya ƙare, ta zabura duk lokacin da baƙuwar lamba ta shigo, idan ta ɗauka ta ji mai tallan magani ne sai ta ajiye ta ci gaba da tsintar shinkafa kamar babu komai. Mahaifin da yake cewa a yi haƙuri shi ma ba dutse ba ne, yana da majalisa da kasuwa inda yake sauke nasa nauyin, ke kuwa ba ki da su. A nan ne amfanin sauran iyaye mata yake, domin a cikinsu ne kawai za ki iya cewa kin kasa barci saboda ɗanki na fari babu mai ɗaga gira. Da ma an ce ciwon 'ya mace na 'ya mace ne.

Sai dai na san abin da yake ɓata irin waɗannan zaure, kuma ina kyautata zaton shi ne ya same ki. Ƙarfe goma sha ɗaya na dare wata za ta turo saƙon murya tana kuka, ta ce an ce jirgi ya kife, ko ta saka bidiyon wasu gawarwaki a bakin ruwa wanda babu wanda ya san ƙasar da aka ɗauke shi ko shekarar. Kafin asuba mata da dama sun kasa runtsawa, masu hawan jini sun nemi ƙwaya, da gari ya waye kuma a gano tsohon bidiyo ne daga wata ƙasa. Wadda ta turo ba muguwa ba ce, tsoro ne ya yi mata yawa ta rasa inda za ta kai shi. Maganin abin shi ne ku samu mace biyu ko uku masu natsuwa su riƙe zauren, zai fi kyau a ce cikinsu akwai wadda ɗanta ya shekara da shekaru a aikin ko matar tsohon soja, a kuma amince cewa duk labarin haɗari ba ya shiga zaure sai ya bi ta hannunsu, su kuma ba za su saka ba sai sun ji shi daga sanarwar rundunar ko gidan rediyon da aka yarda da shi. A hana saka hoton gawa ko na mai rauni kwata kwata, domin babu zaluncin da ya kai uwa ta gane ɗanta a hoton da aka watsa kafin hukuma ta iso ƙofar gidanta.

Haka nan a hana faɗin inda jirgi yake ko ranar da zai tashi ko ya dawo, ko da yaron ne ya faɗa wa mahaifiyarsa da bakinsa. Zaure mai mutum ɗari ba ɗaki ba ne, ba ki san wayar wa take hannun wa ba. Kuma a yankinmu, inda masu garkuwa da mutane suke da 'yan leƙen asiri a cikin gari, yaɗa hoton yaro cikin kaki a Facebook ko a saman WhatsApp yana iya jawo masa da ku abin da ba a so. Idan ya zo hutu ya zo da kayan gida, kada a yi shelar ranar zuwansa, murna ta tsaya a cikin gida.

Zauren da ya tsaya a hira kaɗai ba ya daɗewa, wanda yake da aikin yi shi ne yake rayuwa. Tun yanzu kuna iya kafa adashi domin tafiya faretin yaye, saboda daga Funtuwa zuwa Fatakwal tafiya ce ta yini da kwana, kuɗin mota da masauki ba ƙanana ba ne, kuma mata biyar da suka haɗu suka tafi tare da namiji ɗaya ko biyu sun fi mace ɗaya samun sauƙi da aminci. Ina ba duk uwar da ta samu hali shawarar ta je. Za ki ga ɗaruruwan matasa cikin fararen kaya, kai a aske, duk sun rame sun yi baƙi, ki duba layi sau uku ba ki gane naki ba sai shi ya gane ki, kuma abin da idonki zai gani a ranar, wurin kwanansu da masallacinsu da malamansu, zai rage miki tsoron shekaru masu zuwa fiye da duk bayanin da zan yi miki. Wadda ɗanta ya samu damar kira kuwa, ta tambaye shi lafiyar 'ya'yan sauran, domin kira ɗaya na minti biyu yana iya kwantar da hankalin gidaje goma. Kuma kada ku taƙaita zumuncin ga Hausawa ko Musulmi kaɗai. Ana ɗaukar kurata ne daga kowace jiha, kuma mai yiwuwa yaron da yake riƙe ɗanki a cikin ruwa ranar gwajin iyo ɗan Bayelsa ne da ya tashi a kwalekwale, mahaifiyarsa kuma tana can tana irin rashin barcin da kike yi.

Inda ake gane zauren kirki shi ne ranar da aka dawo da ɗan wata. Akan sallami kurtu saboda an gano wata lalura a gwajin lafiya, ko ya kasa horon, ko ya yi laifi, kuma uwar irin wannan yaro takan fice daga zauren shiru saboda kunya, a daidai lokacin da ta fi bukatar mutane. A bi ta, a je mata har gida idan tana kusa, kada kuma a tsare ta da tambayar abin da ya faru. Wadda kuma ta rasa nata, ta'aziyyar kwana uku ba ta isa ba, domin bayan an watse ne wahalar takardun haƙƙinsa take farawa, kuma a nan mace mai ilimin boko a cikinku ko wadda ta san hanyar ofis za ta yi amfani.

Ranar da ya kira, wataƙila da aron waya kuma na ɗan lokaci kaɗan, za ki ji muryarsa ta dishe, mai yiwuwa ma ya ce ya gaji, ba zai iya ba. Wannan magana kusan kowane kurtu ya taɓa faɗinta, ko a fili ko a zuci. Kada ki ce masa ya dawo gida, ko da wasa, domin maganar uwa ba ta faɗuwa ƙasa a wurin ɗa, kuma na ga yaran da suka tsallake katanga saboda kalma ɗaya da suka ji daga gida. A dokar sojojin Najeriya barin aiki ba da izini ba laifi ne, gudun soja kuma babban laifi ne da kotun soja take hukuntawa har da ɗauri, sannan tabon yakan bi mutum duk inda ya je neman aikin gwamnati. Idan da gaske yana da matsala, ta lafiya ko ta wani mai zaluntarsa, akwai hafsan da aka ɗora wa kula da rukuninsa, akwai likita, akwai kuma limamin bariki, ki ce masa ya bi ta nan. Rigimar gida, da bashin da ake bin babansa, da abin da kishiya ta ce, duk ki ajiye su. Ki sa masa albarka, ki ce kowa lafiya, ki tuna masa salla, ki bar shi ya koma da ƙarfinsa. Haka kuma idan albashi ya fara shigowa ki zama katanga tsakaninsa da dangi, domin albashin ƙaramin ma'aikaci ba shi da yawa, rayuwar Legas da Fatakwal tana da tsada, kuma yaron da buƙatun gida suka yi wa yawa shi ne mai saurin faɗawa hannun masu ba da cin hanci a bakin ruwa.

Ke kanki kuma kina da haƙƙi a kan kanki. Addu'a ita ce babban makamin uwa, kuma ki koya masa abin da Annabi Nuhu, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ya faɗa lokacin shiga jirgi, wanda yake a aya ta 41 cikin Suratu Hud. Amma addu'a ba ta hana zuwa asibiti. Idan rashin barcin ya ci gaba, ko kina jin bugun zuciya, ciwon kai, ko abinci ya fita a ranki, ki je a auna jininki, ki faɗa wa likita dalilin ba tare da kunya ba. Kada ki daina zuwa Islamiyya ko sana'arki da sunan jiran waya, domin wayar tana iya samunki a ko'ina.

Da zarar an yaye shi, ki sa a rubuta miki a takarda cikakken sunansa kamar yadda yake a takardun aiki, lambarsa ta soja, muƙaminsa, sunan jirgi ko sansanin da aka tura shi, da lambar aboki ɗaya da suke aiki tare, a ajiye a wurin da ba za ta ɓata ba, a kuma sabunta duk lokacin da aka sauya masa wuri. Ku tambaye shi wanda ya rubuta a matsayin makusanci, ku tabbatar lambar wayar da ya bayar tana aiki, domin na ga lokutan da hukuma ta yi ta neman iyali a lambar da aka daɗe da yar da layinta. Ku kuma fahimci cewa wanda aka rubuta a wannan takarda wakili ne da hukuma za ta yi magana da shi, rubuta sunansa bai mayar da shi mai cinye gado ba, rabon da shari'a ta ba uwa da uba da mata da 'ya'ya yana nan yadda yake. Yawan rikicin da ake yi tsakanin uwar miji da matar ɗa bayan rasuwar soja daga rashin sanin wannan yake tasowa, kuma tun yaron yana da rai da lafiya ake kashe shi da magana. Idan kuma wata rana shiru ya zarce lokacin da ya ce zai yi a teku da nisa, abokin nasa ma bai san komai ba, to mahaifinsa ko wani babba namiji ya ɗauki waccan takarda ya je cibiyar sojan ruwa mafi kusa, wadda a wurinku ita ce ta Kachiya ko ta Dawakin Tofa, ya nemi ofishin mulki ya gabatar da lambar yaron, su suna da hanyar tuntuɓar rundunar da yake ciki.